Mallakar bindiga don kare kai: Abin da doka ta ce da abin da ake gani a Sabon Birni da Isa

Tun bayan da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin jihar Sakkwato, musamman a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, ake ta maimaita kira guda, wato a ƙyale talaka ya mallaki bindiga domin ya kare kansa da iyalinsa.

Masu wannan kira dai suna da hujjoji.

A ƙarshen watan Mayun shekarar 2020, an kashe mutane fiye da 70 a rana guda a wasu ƙauyukan Sabon Birni da suka haɗa da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Disamban 2021 kuma aka tare wata motar fasinja a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. Sannan a ƙarshen watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma bayan kimanin makonni uku aka samu labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi.

Dubban jama'ar yankin sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta jamhuriyar Nijar. Waɗanda suka zauna kuwa, da yawansu sai sun biya harajin da 'yan bindiga suka ɗora musu kafin su shiga gonakinsu.

Sai dai tambayar da ba kasafai ake tsayawa a kanta ba ita ce, wace irin bindiga ake nufi? Amsar wannan tambaya ce ke nuna girman tazarar da ke tsakanin abin da doka ta yarje wa manomi da abin da maharinsa ke rataye da shi.

Kiraye-kirayen manya

Ba talakawa ne kaɗai ke wannan magana ba. A watan Maris na 2018, tsohon ministan tsaro Janar Theophilus Danjuma ya shaida wa wani taro a Jalingo cewa jama'a su tashi su kare kansu. A watan Fabrairun 2021, ministan tsaro na lokacin, Bashir Magashi, ya yi kira ga mutane da su daina tsoron tunkarar 'yan bindiga. A shekarar ce kuma gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya bukaci jama'ar jiharsa da su nemi makamai.

Wanda ya fi kowa nisa shi ne Bello Matawalle, lokacin yana gwamnan Zamfara, jihar da ke maƙwabtaka da Isa ta ɓangaren Shinkafi. A watan Yunin 2022 gwamnatinsa ta ba da sanarwar cewa za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar domin masu neman lasisin riƙe bindiga.

Ba a je ko'ina ba kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce har yanzu akwai takunkumi a kan bayar da lasisin, shi kuma babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni.

Ta fuskar doka, gaskiyar Janar ɗin ce. Tsarin mulkin 1999 ya sanya batun makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin al'amuran da majalisar tarayya ce kaɗai ke da ikon yin doka a kansu. Gwamna na iya yin kira, amma ba shi ke riƙe da alƙalamin ba.

Rukuni uku

Dokar da ke tafiyar da mallakar bindiga a Najeriya ta girmi ƙasar kanta, domin an kafa ta ne a shekarar 1959, ana saura shekara guda a samu 'yancin kai. Ta raba bindigogi gida uku.

Rukunin farko shi ne na makaman da aka haramta. A ciki akwai bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin soja irin su AK-47, da gurneti da roka, har ma da ƙaramar bindigar da ake sokewa a ƙugu, wadda mutane da yawa ke zaton ita ce mafi sauƙin samun izini. Shugaban ƙasa ne kawai ke iya ba da lasisin mallakar waɗannan.

Rukuni na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke ba da lasisinsu. Ko a nan ma dokar ta cire duk wadda ke da na'urar ɗura wa kanta harsashi. Wannan ne ya sa a shekarar 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, aka haɗa har da bindigar nan da ake zuge hannunta gaba da baya kafin kowane harbi, wadda 'yan kasuwa da masu hali suka fi saye.

Rukuni na uku shi ne na bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka ko bindigar toka, wadda batunta ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin da ya shafi tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Wata dokar ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko tarar naira dubu 20, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

A aikace ma ƙofar lasisin ta daɗe a rufe. Rundunar 'yan sanda ta sha nanata cewa ta dakatar da bayar da sababbin lasisi, kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada hakan.

Ma'ana, manomin da ke Gatawa ko Gangara wanda ke son bin doka sau da ƙafa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne adaka.

Adaka da Kalashnikov

Bindigar toka tsohuwar fasaha ce. Turawa na kiranta da sunan 'yan Denmark, saboda fataken ƙasar na cikin waɗanda suka riƙa kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Daga baya maƙeran gida suka ƙware wajen ƙera ta.

Kafin a harba ta sai an zuba albarushi ta baki, an danna, an zuba dalma ko guntayen ƙarfe, an sake dannawa. Harbi ɗaya take yi, daga nan sai a koma farko. Ba banza ba Bahaushe ya laƙaba mata suna harba-ka-ruga. Ba ta cin dogon zango, damina na iya jiƙa albarushinta ta ƙi tashi, kuma idan bututun ba mai ƙwari ba ne yana iya fashewa a hannun mai ita.

Ga maharbin da ke neman gada ko zabo a daji, wannan ya wadatar. Ga mai gadin ƙauyen da babura hamsin suka yi wa ƙawanya da tsakar dare, magana ce ta daban.

Ita kuwa AK-47, wani sojan tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne mai suna Mikhail Kalashnikov ya tsara ta a shekarar 1947, aka fara raba wa sojojin ƙasar a 1949. Gidan harsashinta na ɗaukar guda 30, tana iya samun mutum daga nisan mita 300 ko fiye, kuma an san ta da jure ƙura da laka da rashin kulawa. Ƙasashe da dama sun riƙa ƙera irinta, ciki har da Sin, abin da ya sa ta cika duniya. Har a tutar ƙasar Mozambik akwai hotonta.

Manyan dabobin da ke kai da kawo tsakanin Shinkafi da Isa da Sabon Birni, waɗanda na Bello Turji ya fi shahara a cikinsu, ba su tsaya nan ba. An sha ganinsu da bindigogi masu jigida, da na harba roka, da irin waɗanda ake girkewa a bayan mota. A watan Satumban 2021 sun kai hari kan sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma a Sabon Birni, inda suka kashe jami'ai da dama. Idan har sansanin soja bai tsira ba, ba wuya a gane matsayin mai adaka.

Wannan tazara dai tana da tarihi. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a shekarar 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga irin na toka. Shekaru 13 bayan haka, a watan Maris na 1903, dakarun Ingila suka fuskanci mayaƙan Sakkwato da bindiga mai jigida ta Maxim, aka gama yaƙin cikin ɗan lokaci. Tsarin da ya bar wa talaka adaka ya keɓe babbar bindiga ga hukuma ya yi aiki ne muddin hukumar ce kaɗai ke da babbar bindigar. Abin da ya rushe ke nan a ƙasar Gobir ta yau.

Ita kanta ƙasar Gobir ba da bindiga ta yi suna ba. Yaƙe-yaƙen zamanin Bawa Jan Gwarzo da na Yunfa da doki da mashi da kwari da baka aka yi su. Labarin bindiga mafi shahara a tarihin Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin yankin Sabon Birni, shi ne wanda marubutan jihadi suka ruwaito cewa Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ita a fada, wutar ta dawo kansa.

Daga ina makaman ke fitowa?

An fi ambaton Libiya, kuma akwai gaskiya a ciki. Faɗuwar gwamnatin Mu'ammar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makamai waɗanda suka bazu a yankin Sahel, ga kuma iyakar Najeriya da Nijar mai tsawon kimanin kilomita 1,500 wadda ke cike da ɓarayin hanyoyi. Daga wasu ƙauyukan Sabon Birni, tafiyar babur ce kaɗan mutum ya tsinci kansa a Nijar.

Amma wani bincike da cibiyar Conflict Armament Research ta wallafa a farkon 2020 kan makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara ya nuna cewa hanyoyin sun fi haka yawa. Wasu sun fito daga Libiya, wasu daga rumbunan sojan Kwaddebuwa, wasu bindigogin farauta ne ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta ruwa, wasu kuma asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne. Akwai kuma na ƙirar gida masu tarin yawa.

A watan Janairun 2017 jami'an kwastan sun kama bindigogi 661 a cikin kwantena guda a Legas. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 kuma ya ce akwai bindigogin AK-47 guda 88,078 na 'yan sanda da ba a iya bayanin inda suke ba.

Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya, yayin da na soja da 'yan sanda a haɗe ba su kai dubu 600 ba.

Masana harkar tsaro kan ce harsashi ya fi bindiga muhimmanci a wannan lissafi. Bindiga ɗaya na iya shekara talatin tana aiki, amma harsashi ƙarewa yake yi, dole kullum a sayo sabo, kuma kuɗin fansa da harajin gona ne ke biya. A watan Nuwamban 2021 'yan sandan Zamfara sun ce sun kama wata mata ɗauke da harsasan AK-47 guda 991 za ta kai daji. Wannan ne ɓangaren da masu kiran a raba wa jama'a makamai ba su cika taɓawa ba. Ƙauyen da ya yi karo-karo ya sayi bindiga ta bayan fage, a kasuwar da maharansa ke saye zai riƙa neman harsashi, wataƙila ma a hannun dillali ɗaya.

Ta fim da ta gaske

Akasarin matasan yankin a gidan kallo suka fara sanin bindiga, a finafinan Indiya da na Amurka irin su Rambo, inda jarumi shi kaɗai ke gamawa da runduna, harsashinsa kuma ba ya ƙarewa. A zahiri, idan aka danne kunamar AK-47 ba a saki ba, harsasai 30 ɗin nan cikin kimanin daƙiƙa uku za su ƙare, kuma mafi yawansu iska za su bi idan mai harbin bai samu horo ba.

'Yan bindigar ma sun fahimci tasirin hoto. Bidiyon da suke yaɗawa ta wayar salula da shafuka irin su TikTok, suna saɓe da jigidar harsasai, wani ɓangare ne na sana'ar, domin ƙauyen da ya ga hoton ba ya jayayya idan takardar haraji ta iso. A shekarar 2024 an ga Turji da yaransa a wani bidiyo suna murna a gaban motar sulke ta soja da ta maƙale a laka a yankin Zurmi.

Yadda ya kamata kafofin watsa labarai su nuna waɗannan mutane ya taɓa jawo ce-ce-ku-ce. A watan Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta ci tarar tashar Trust TV da wasu kamfanoni uku naira miliyan biyar-biyar saboda nuna shirye-shiryen da aka yi hira da shugabannin 'yan bindiga. Gwamnati ta ce kambama ta'addanci ne, 'yan jarida suka ce jama'a na da haƙƙin sanin wanda ke kashe su.

Darasin 'yan sa-kai

Haƙƙin kare kai abu ne da dokar ƙasa ta amince da shi. Sashe na 33 na tsarin mulki ya ce ba a ɗaukar kisa a matsayin tauye haƙƙin rayuwa idan ya auku wajen kare mutum ko dukiya da ƙarfin da ya dace, kuma kundin Final Kod na arewa ya tanadi haka. Malaman fiƙihu ma sun yi bayani mai tsawo kan halaccin tunkuɗe mai kawo farmaki, tare da sharaɗin kada a wuce gwargwadon buƙata, kuma kada a kama wani da laifin wani.

Wannan sharaɗi na gwargwado yana da kaifi a kotu. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan Sunday Jackson, wani manomi a jihar Adamawa da ya ce makiyayi ne ya kai masa hari da wuƙa a gona, bisa dalilin cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Sai a ƙarshen shekarar gwamnan jihar ya yi masa afuwa.

Babbar matsalar ita ce kare kai na mutum ɗaya da ɗaukar makami na ƙungiya ba abu ɗaya ba ne, kuma arewa maso yamma ta riga ta gwada na biyun. Masu bincike irin su Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun nuna yadda rikicin da ya faro a Zamfara wajen shekarar 2011 a matsayin satar shanu da fashi ya rikiɗe, bayan da 'yan sa-kai suka shiga kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, su kuma dabobin daji suka samu hujjar ɗaukar sababbin mayaƙa da sayen manyan makamai. A watan Afrilun 2014 an kai hari kan wani taron 'yan banga a 'Yar Galadima, aka kashe mutanen da wasu ƙididdiga suka ce sun haura ɗari.

Gabashin Sakkwato ya ga irin wannan a cikin wata guda. A farkon Oktoban 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande da ke Gwadabawa. Kashegari aka buɗe wuta a kasuwar Unguwar Lalle ta Sabon Birni, mutum kusan 20 suka mutu. Ranar 17 ga watan aka afka wa kasuwar Goronyo, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 43. Kafin shekarar ta ƙare gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ayyukan 'yan sa-kai a jihar.

Adalci ne a ce akwai garuruwan da 'yan banga suka hana a tashe su, kuma mutanen da ke zaune a cikinsu ba za su saurari mai cewa a ajiye makami ba alhali ofishin 'yan sanda mafi kusa na da nisan tafiyar sa'a guda. Amma akwai wani haɗarin kuma. Daga sama, matuƙin jirgin yaƙi ba ya iya bambanta ɗan banga mai bindiga a kan babur da ɗan fashi. A watan Janairun 2025 wani harin sama a Tungar Kara da ke Zamfara ya hallaka aƙalla mutum 16, cikinsu har da 'yan banga da askarawan jiha da suka fito bin sawun mahara.

Masu kafa hujja da Amurka, inda gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, kan manta da ɗaya gefen. Ƙasar na da bindigogi kimanin 120 ga kowane mutum 100, kuma a shekarar 2021 kaɗai mutum fiye da dubu 48 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu.

Askarawan jihohi

Mafitar da gwamnonin yankin suka koma gare ta ita ce kafa rundunonin tsaron al'umma waɗanda doka ta san da zamansu. Katsina ta ƙaddamar da nata a watan Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da askarawa fiye da 2,600 a watan Janairun 2024, ita ma Sakkwato ƙarƙashin gwamna Ahmed Aliyu ta kafa nata a wannan tsakani.

Bambancinsu da 'yan sa-kai shi ne an tantance su, an horar da su, suna da albashi da kaki da kwamanda, kuma idan ɗayansu ya yi kisan gilla akwai sunansa a rajista. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ramuwar gayya ta ci rayuka masu yawa.

To amma su ma dokar 1959 ta ɗaure su. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, don haka ba a ɗaukarsu a matsayin 'yan sandan jiha, kuma ba su da izinin riƙe makaman rukunin farko. A shekarar 2022 gwamnonin Ondo da Binuwai na lokacin, Rotimi Akeredolu da Samuel Ortom, sun koka a bainar jama'a cewa gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa rundunoninsu su riƙe AK-47. A watan Fabrairun 2024 shugaba Bola Tinubu da gwamnoni sun amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi, abin da ke buƙatar gyaran tsarin mulki.

A ɗaya ɓangaren kuma, Najeriya na cikin ƙasashen ECOWAS da suka sanya hannu kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja a watan Yunin 2006. A 2021 ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a 2024 aka sanya hannu kan dokar da ta ba cibiyar cikakken iko. Aikinta shi ne karɓe bindigogi daga hannun jama'a da lalata su.